Doga mai fuskar kare: jarumi ne ko mai kisan kai?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare ina gyara akwatin da na dawo da shi daga Indiya, sai na ci karo da wata leda da na manta da ita. Littattafan labari masu zane ne, waɗanda ake ce wa komik, guda 11, duk na kamfanin Raj Comics da ke Delhi. Lokacin da nake karatun harhaɗa magunguna a can nake sayensu a kasuwar littattafai ta Daryaganj da ke ci ranar Lahadi, don in koyi karanta Hindi, saboda maganganun gajeru ne kuma hoto na taimaka wa mai koyo. Sai da aka kusa kiran assalatu na ajiye su.

Bakwai daga ciki na wani jarumi ne mai suna Doga. Ya fara fitowa a 1992, a wani littafi mai suna Curfew. Tarun Kumar Wahi da Sanjay Gupta ne suka ƙirƙire shi, wani mai zane da ake kira Manu ya zana shi. Asalin sunansa Suraj. Jariri ne da wani ɗan fashin daji, Halkan Singh, ya tsinta a bola, ya raine shi kamar yadda ake rainon kare, da duka da wulaƙanci, yana ganin kisa da idonsa tun bai san damansa da hagunsa ba. Da ya tsere ya faɗa Bombay, wato Mumbai ta yanzu, sai wasu 'yan'uwa huɗu suka riƙe shi suka horar da shi: wannan ya gina masa jiki, wannan dambe, wannan faɗan hannu da ƙafa, wannan harbi. Sunayensu ma na kayan miya ne. Adrak citta ke nan, Haldi kurkur, Kali Mirch masoro, sai Dhania. Yana kiransu chacha, wato baffa.

Ba ya tashi sama, harsashi na huda shi, ba shi da wani tsafi. Abin da yake da shi ƙarfi, bindiga, fuskar kare da yake sawa, da karnukan titi da ke kai masa rahoto don yana jin yarensu. Hanyarsa kuwa magudanan ruwa na ƙarƙashin birni. Kuma ba ya kai mugu ofishin 'yan sanda. A wurin yake gamawa da shi. Taken da aka san shi da shi shi ne ba ya warware matsala, tumɓuke ta yake daga saiwa.

Ni dai a duk jaruman Indiya babu wanda ya kama min zuciya kamarsa. Tambayata: irin wannan jarumi ne, ko mai kisan kai ne da aka yi wa ado?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Malam, ni tun daga fuskar karen nan aka rasa ni. Duk dabbobin duniya a rasa wadda za a saka wa jarumi sai kare? Ga zaki, ga damisa, su da suke da damisa har a dazukansu.

Ɗan Fagge:
Hajiya, ai nan ne gishirin labarin. Su ma a can ka ce wa mutum kare zagi ne, kamar yadda yake a nan. Yaron da aka ce masa kare tun yana rarrafe, shi ne ya ɗauki zagin ya mayar da shi fuskarsa. Kuma duk wanda ya kwana a babban birnin Indiya ya san bayan sha biyun dare karnuka ne ke da titi. Suna ganin komai, ba wanda ya damu da su. Talakan birni ke nan. Da an sa masa fuskar zaki da ya zama ɗan sarki.

Mai Zane Damagaram:
Sannunku. Ni zane ne sana'ata, kuma na daɗe ina bibiyar aikin Raj Comics ta intanet ko da ban iya Hindi sosai ba. Ɗan Fagge, ka kawo rabin magana ka bar rabi. Kamfanin da ya yi Doga shi ne ya yi Super Commando Dhruva tun 1987, aikin Anupam Sinha. Shi ma maraya ne. Iyayensa 'yan wasan tsalle-tsalle ne a wani gidan wasa mai suna Jupiter, abokan hamayya suka cinna wa gidan wuta, kowa ya ƙone yana kallo. Babu wanda ya fi shi dalilin zama mai kisa. Amma wani babban ɗan sanda, Rajan Mehra, ya ɗauke shi ya zama ɗansa. Dhruva ba ya rufe fuska, kowa a birnin Rajnagar ya san sunansa da gidansu, kuma in ya kama mugu hukuma yake miƙa wa. Da dabara da ilimin kimiyya yake cin abokan gaba. Shi ma yana jin maganar dabbobi da tsuntsaye.

To ga marayu biyu daga kamfani ɗaya. Abin da ya raba su shi ne hannun da ya tsince su. Ɗaya ɗan fashi ya tsinta, ɗaya ɗan sanda. Ni ina ganin marubutan da gangan suka yi haka.

Ɗan Fagge:
Na san Dhruva, biyu daga cikin littattafan nawa ma nasa ne. Amma ka lura da abu ɗaya: Rajnagar ba ta cikin taswira, ƙirƙirarren gari ne. Doga kuwa a Bombay yake, gari na gaske mai unguwannin kwano da leda na gaske. Yana da sauƙi ka zama mai tsabtar hannu a garin da marubuci ya share maka.

Baba Na Plaza:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don ni wannan labarin na san shi tun kafin a haifi yawancinku, sai dai ba a takarda na gan shi ba, a majigi na gan shi. Mu da muka yi layi a Plaza da Marhaba da Orion mun san wannan mutumin. Amitabh ne. Tun daga Zanjeer a 1973 Indiyawa suke ba mu labarin mutumin da doka ta gaza masa ya tashi da kansa. A Shahenshah na 1988, da rana sufeton 'yan sanda ne da kowa ya raina, da daddare ya sa baƙaƙen kaya da hannun ƙarfe ya fita farautar azzalumai. In ya bayyana a allo sai sinima ta ɗauki ihu, har da masu hawa kan benci. Ban taɓa jin wani ya tambaya ko an kai mugun gaban alƙali ba. Ni ma ban tambaya ba. Yanzu da na haura 60 nake tambaya.

Mai Zane Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma. Irin wannan na sufeto da rana jarumi da dare yana cikin komik ɗin ma. Parmanu ke nan na Delhi, Sufeto Vinay, wanda kawunsa masanin kimiyya ya ƙera masa rigar da ke ba shi ƙarfi. Abin da ke ba ni mamaki, mutum ɗan sanda ne amma sai ya cire kakin kafin ya iya aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Barista Kaduna:
Na karanta duk abin da aka rubuta. Ɗan Fagge, ina so ka duba shekarar da ka ambata da kyau. 1992. A ranar 6 ga Disamba na wannan shekarar aka rushe masallacin Babri a Ayodhya, Bombay ta kama da tarzoma har cikin Janairu, aka kashe ɗaruruwan mutane. Ranar 12 ga Maris 1993 bama-bamai suka tashi a birnin, mutum 257 suka mutu. Gungun 'yan daba na karɓar kuɗi daga 'yan kasuwa da masu gine-gine da masu shirya fim. A irin wannan iska Doga ya yi suna, don haka ban yi mamakin yadda matasa suka rungume shi ba.

Amma ka san me ya bunƙasa a Bombay a waɗannan shekarun? Abin da Indiyawa ke kira enkawunta. 'Yan sanda su kashe wanda ake zargi, su ce musayar wuta aka yi. Wasu jami'ai suka yi suna da yawan gawarwakin da suka tara, jaridu na yabonsu, ana yin fim a kansu. Daga baya wasu daga cikinsu suka tsinci kansu a gaban kotu, bisa zargin cewa musayar wutar shiri ce. Wato Doga na gaske ya wanzu, da kaki a jikinsa, kuma ba kowa ya kashe ba ne mai laifi.

Ga inda littafin ke yaudarar mai karatu. Kafin Doga ya harba, an riga an nuna maka mugun yana aikata laifin, shafi uku baya. Ka gani da idonka. Kai ne shaida, kai ne alƙali, kuma marubuci ya tabbatar ba ka yi kuskure ba. A titi babu marubuci. Wanda ya ɗaga makami bai ga shafi uku na baya ba, "an ce" kawai ya ji.

Ɗan Fagge:
Barista, ranka ya daɗe, wannan hujja ce mai nauyi, ban musa ba. Sai dai littattafan ba su ɓoye cewa ana farautar Doga ba. 'Yan sanda na nemansa a matsayin mai laifi. Monika, yarinyar da yake so, kullum roƙonsa take ya ajiye fuskar ya zauna Suraj. Ba a nuna shi yana jin daɗin rayuwa ba, mutum ne da ba ya barci.

Barista Kaduna:
Ana nuna yana shan wahala, na yarda. Amma abin da yaro ɗan shekara 13 zai tafi da shi shi ne hoton bango: ƙaton ƙirji, bindiga a kowane hannu. Ba hawayen Monika zai manna a ɗakinsa ba.

Bazamfare:
Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Barista, da girmamawa, kana magana ne daga inda in ka buga waya wani zai ɗauka. Mu a ƙauyenmu an zo an kore shanu, an dawo an ɗauki mata daga gona, an dawo an sa mana harajin girbi. Ƙanin mahaifina sun harbe shi a bakin rumbunsa. Mun kai ƙara har muka gaji da kaiwa. Ranar da samarinmu suka haɗa kuɗi suka sayi bindigogin toka, a ranar na fara barci har asuba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban taɓa jin sunan Doga ba sai yau, amma wallahi da zai fito daga takardar nan da mun yanka masa rago.

Maman Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan baffanka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri.

Barista Kaduna:
Amin. Ɗan'uwa, Allah ya gafarta masa. Ba zan ce maka ka naɗe hannu a zo a yanka ka ba, kare kai halal ne a shari'a da dokar ƙasa. Abin da nake jin tsoro shi ne abin da ke biyo baya, ranar da aka daina tsaron gari aka koma farauta.

Bazamfare:
Na san abin da kake nufi, kuma tunda ka taɓo shi ba zan ɓoye ba. Akwai wani Bafulatani da ke kawo mana nono da man shanu tun ina yaro, mahaifina na ba shi ajiyar awaki. Wata ranar kasuwa 'yan sa-kai daga wani gari suka tare shi, wani ya nuna shi ya ce ɗan leƙen asiri ne. Ba a kai shi ko'ina ba. A bayan kasuwa aka gama da shi, mutane na kallo, ni ma ina cikin masu kallon, ban ce uffan ba. Har yau ba wanda ya kawo hujja ɗaya a kansa. 'Ya'yansa maza biyu sun shiga daji bayan wata ɗaya, kuma an ce da su aka zo harin da ya biyo baya.

To ka ga ni abu biyu ke cikin cikina. Ina son Doga ya zo, kuma na ga abin da ya faru da ya zo.

Shugaban Zaure:
Jama'a, an taɓo wuri mai zafi. A ci gaba, amma ban yarda a zagi wata ƙabila ba, kuma kada a kira sunan ƙauye ko na wani mutum. Duk wanda ya yi zan goge.

Malam Na Zariya:
Allah ya saka wa Bazamfare da alheri da ya faɗi gaskiya a kan kansa, ba kowa ke iyawa ba. Malamai ba su yi saɓani ba cewa tsayar da haddi da ƙisasi aikin shugaba ne da alƙalinsa, ba na ɗaiɗaikun mutane ba, ko da waliyyin wanda aka kashe ne. Kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ana kawar da haddi da shubuha. A Suratul Hujurat aya ta 6 an umarce mu da mu yi bincike in fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Abin da ya faru a bayan kasuwar nan shi ne fassarar ayar. Amma in faɗi ɗaya gefen: shugaban da ya bar talakawansa har suka sayi bindiga da kuɗin gero, shi ma yana da tambayar da zai amsa gobe kiyama, kuma tasa ta fi tsawo.

Mai Zane Damagaram:
Bazamfare, labarinka ya tuna min da wani jarumi da ya girmi Doga da Dhruva duka, kuma shi ne ya fi kama da halin da kuke ciki. Sunansa Bahadur. Aabid Surti ne ya ƙirƙire shi a 1976 a Indrajal Comics, na kamfanin jaridar Times of India, waɗanda kafin nan jaruman Amurka irin su Phantom da Mandrake suke bugawa. A lokacin matsalar Indiya 'yan fashin daji ce, musamman a kwazazzaban kogin Chambal, inda jihohin Madhya Pradesh da Uttar Pradesh da Rajasthan suka haɗu. Suna satar mutane don kuɗin fansa, suna ƙona ƙauyuka, in an biyo su daga wannan jiha su tsallaka waccan. Ka ji kamar labarin gida.

Shi Bahadur ɗan wani ɗan fashi ne, Bhairav Singh, wanda wani jami'in 'yan sanda mai suna Vishal ya kashe. Yaron ya taso da rantsuwar ɗaukar fansa a kan Vishal. Sai jami'in ya nuna masa ɓarnar da ubansa ya yi wa mutane, yaron ya juya. Abin da ya yi daga nan shi ne ya kafa rundunar tsaro ta mutanen gari a Jaigarh, suna aiki tare da 'yan sanda a fili, ba fuska a rufe. Kuma cikin manyan rundunar akwai Lakhan, tsohon ɗan fashi da ya tuba. Rigarsa doguwa ce irin ta Indiyawa da wandon jins, ba wata rigar ƙarfe. Budurwarsa Bela ma ta iya faɗa, tare suke fita.

Abin da ya burge ni, marubucin ya tambayi abin da Doga bai taɓa tambaya ba: ɗan wanda aka kashe fa, ina zai je?

Bazamfare:
Wannan tambayar ita ce ke hana ni barci. Yaran nan biyu tare muka yi wasan langa.

Barista Kaduna:
Kuma Bahadur ba daga iska aka ɗauko shi ba. A 1972 ɗaruruwan 'yan fashin Chambal sun ajiye makamai ta hannun Jayaprakash Narayan, wani dattijon ɗan gwagwarmaya, kafin nan a 1960 wasu sun miƙa wuya ga Vinoba Bhave, almajirin Gandhi. Amma a lura da sharaɗin: ba cewa aka yi ku koma gida an yafe ba. Sun miƙa bindigogi a bainar jama'a, an yi musu alkawarin ba za a rataye su ba, suka tafi gidan yari aka yi musu shari'a. Phoolan Devi ma, shahararriyar 'yar fashin dajin nan, da ta miƙa wuya a 1983 sai da ta yi shekara 11 a tsare, daga baya ta ci zaɓen majalisar ƙasa a 1996. Sulhun da aka gwada a Zamfara a 2019 ya sha bamban, don mutanen sun ci gaba da zama a daji da yawancin makamansu.

Ɗan Yerwa:
Ni ban yarda a yi wa 'yan sa-kai kuɗin goro ba. A 2013 Maiduguri ta kusa kuɓucewa. Samarin unguwanni ne suka fito da gora da adda, shi ya sa ake ce musu kato da gora, suka riƙa nuna wa soja 'yan Boko Haram gida-gida, don su suka san ɗan wane ne ya ɓace wata uku ya dawo da kuɗi. Da yawansu sun mutu a wannan aikin. Ba don su ba da ban isa in zauna a shagona ina rubuta wannan ba. An samu waɗanda suka yi zalunci a cikinsu, ba na musu, amma kada a manta da abin da suka tsare.

Mai Zane Damagaram:
Ai naku ya fi kusa da Bahadur, ɗan'uwa. Fuskarsu a buɗe, unguwa ta san su, kuma akwai hukumar da suke miƙa wa mutum. Doga shi kaɗai ne, shi ke zargi, shi ke yanke hukunci, shi ke zartarwa, sannan ya shige rami ba wanda ya san sunansa.

Barista Kaduna:
Ko na fuska a buɗen ma sai an sa ido. A jihar Chhattisgarh gwamnati ta ɗaure wa wata ƙungiyar sa-kai gindi, Salwa Judum, don yaƙar 'yan tawayen daji, aka ba samarin ƙauye bindigogi. Ƙauyuka suka ƙone, dubban mutane suka bar gidajensu, har sai da Kotun Ƙolin Indiya ta haramta tsarin a 2011. Shi ya sa da Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a 2024, abin da na fara tambaya shi ne: in ɗayansu ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wa za a kai wa ƙara, kuma zai saurara?

Sannan ina so Ɗan Fagge ya tuna da Hyderabad. A ƙarshen 2019 an yi wa wata likitar dabbobi fyaɗe aka kashe ta aka ƙona gawar. Ƙasa ta ɗauki zafi. Cikin 'yan kwanaki 'yan sanda suka harbe mutum huɗun da ake zargi, suka ce sun yi yunƙurin gudu. Mutane suka fito suna watsa wa 'yan sandan furanni suna raba alewa. A 2022 kwamitin da Kotun Ƙoli ta naɗa ya ce da gangan aka kashe su, ya ba da shawarar a gurfanar da jami'ai 10 bisa laifin kisa. Masu watsa furannin nan ba mugaye ba ne, mutane ne da suka gaji da shari'ar da ke shekara goma ba ta ƙare ba. Su ne masu sayen Doga.

Maman Sadiq:
Ni malamar firamare ce, bari in faɗi abin da ya dame ni. Mu ne muka fi kowa kuka da aka kashe mafarautanmu 16 a Uromi a 2025. Waɗanda suka tare motar 'yan banga ne, sun ga bindigogin farauta suka yanke cewa masu garkuwa da mutane ne. A zuciyarsu su ne jaruman labarin. In muka tafa wa Doga yau, da wane baki za mu yi Allah wadai da su? Shi ya sa in da za a fassara waɗannan littattafai zuwa Hausa kamar yadda ake fassara finafinan Indiya, ni Dhruva da Bahadur zan saya wa Sadiq.

Ɗan Fagge:
Hajiya, na ji, kuma Uromi ta yi min ciwo kamar kowa. Amma bari in kare littafin a wuri ɗaya, don ina ganin ana yi masa hukunci da bangonsa. Akwai wani jerin labaransa da ya fara da littafi mai suna Doga Hindu Hai, wato "Doga Hindu ne". A kan rikicin addini aka gina shi. Gari ya rabu biyu, kowa na son sanin wanda ke bayan fuskar nan na wane ɓangare ne. Ga shi yaron bola, bai san uwarsa ba balle addinin ubansa, kuma baffannin da suka raine shi Khan ne sunansu. A irin wannan rana bindigarsa ba ta da amfani, don wa zai harba? Maƙwabci ne ke ƙona gidan maƙwabci, babu wani shugaban 'yan daba guda ɗaya da in an kawar da shi wuta za ta mutu. Marubutan da kansu sun kai shi inda tumɓuke saiwa ba ya aiki. Ban ga littafin yara da yawa da suka yi wannan ƙarfin halin ba.

Kuma ni abin da ya sa nake son sa ba kisan ba ne. A Delhi na ga yara na kwana a ƙarƙashin gada, na dawo Kano na tarar da irinsu a bakin tasha. Doga ne kaɗai jarumin da ya fito daga cikinsu. Nagraj, wani jarumin na Raj Comics, jinin sarauta ne, Dhruva ɗan gidan babban jami'i ya zama. Shi kuwa daga juji aka ɗauko shi.

Baba Na Plaza:
Ɗana, wannan ita ce maganar da ya kamata ka fara da ita. Amma ka duba, ba bindiga ce ta fitar da shi daga juji ba. Baffa Citta ne, da ya buɗe masa ƙofa ya ba shi abinci da wurin kwana. In da ni ne mai rubutun, da na tsaya a kan mutanen nan huɗu na daɗe.

Barista Kaduna:
Baba, su huɗun nan kuma su ne suka koya masa harbi.

Baba Na Plaza:
Haka ne. Ban ce ba su da laifi ba.

Bazamfare:
Mai Zane, don Allah wannan na Bahadur ɗin, akwai shi da Turanci? Hindi ba zan iya ba. Ina so in ga yadda aka yi mutanen garin suka yarda Lakhan ya zauna a cikinsu, bayan sun san abin da ya aikata. Mu ko gaisawa da dangin waɗancan yaran ba ma yi yanzu, kuma uwarsu tana nan da rai a rugar da ke bayan dutse.

Mai Zane Damagaram:
Akwai. Indrajal da Turanci da Hindi da wasu harsunan Indiya suke fitowa, har suka daina bugawa a 1990. Masu tara tsofaffin littattafai sun adana da yawa. Zan duba abin da nake da shi in turo maka ta akwatin sirri bayan isha'i.

Ɗan Fagge:
Ni kuma ranar Asabar in Allah ya kai mu zan ɗauki hoton shafukan da Monika ke roƙonsa ya ajiye fuskar, in fassara muku maganganun da Hausa a ƙasa. Barista, ina so ka karanta su kafin mu ci gaba, don ban gama da kai ba.

Barista Kaduna:
Allah ya kai mu. Ka haɗa da shafin da ya biyo baya, ina so in ga ko ya ajiye ɗin.